Wa Ya Kashe Macijin? Jaruman Mujallun Zane a Ma'aunin Mutanen Daura

Gabatarwa

Duk lokacin da aka fito da sabon jerin labaran zane na wani gwarzo, musamman wanda ya haɗa ƙarfin ban mamaki da aikin leƙen asiri, masoyansa sukan rabu gida biyu tun kafin fitowa ta biyu ta shigo kasuwa. Wasu su ce faɗan ya ƙayatar, a ƙaro musu. Wasu kuwa su ce an cika shafuka da naushi da ƙarar bindiga, an bar labarin da yunwa. Wanda ya tsinci wannan gardama a yau zai ɗauka 'yar zamanin wayar hannu ce, alhali kuwa ta girmi wayar nesa ba kusa ba. A Nijeriya, tarihin wannan shauƙi yana komawa aƙalla zuwa ƙarshen shekarun 1960, sa'ad da wata mujalla mai suna African Film ta gabatar wa matasa da Lance Spearman, baƙar fata mai kwat da bindiga, wanda shi ke ba da umarni, kuma shi ke yin nasara a ƙarshen labari.

Na tashi a Daura, garin da asalin sarautarsa ke rataye da labarin wani baƙo da ya shigo cikin dare, ya yi aikin bajinta babu mai gani, gari ya waye ana cigiyar wanda ya yi. Saboda haka nake ganin mutanen wannan masarauta sun mallaki ma'aunin jarumtaka tun kafin injin ɗab'i ya iso Zariya. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun jaruman zane da suka ratsa ƙasar nan, da yadda masu karatu suka karɓe su ko suka juya musu baya, sannan a ɗora su bisa wancan tsohon ma'auni. Ra'ayin da zan kare shi ne cewa yawan faɗa yana jawo mai karatu, amma abin da ke riƙe shi har ya ba 'ya'yansa labari shi ne amsar tambayar da aka gada a bakin rijiyar Kusugu: me jarumin ya buɗe wa jama'a?

Ma'aunin da aka gada a bakin rijiya

Labarin sananne ne, amma ya cancanci a sake duba gininsa da idon mai nazarin adabi. Bayajidda, wanda ake cewa ɗan sarkin Bagadaza ne, ya sauka a Borno, ya auri 'yar sarki, zama ya gagara, ya gudo yamma. Ya bar matarsa a Garun Gabas, inda ta haifi Biram, ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare. Ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa domin kansa da dokinsa, ta shaida masa cewa a garin nan ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, domin wani maciji da ake kira Sarki ya tare rijiya. Baƙon ya karɓi guga ya nufi wurin. Macijin ya taso, ya sare masa kai, ya adana kan, ya ɗebi ruwa, ya koma masaukinsa. Da gari ya waye, sarauniya Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi wannan aiki. Masu da'awa suka yi ta fitowa, amma babu wanda ya iya kawo kan da ya dace da gangar jikin sai baƙon. Da aka miƙa masa rabin gari, sai ya ce auren sarauniya yake nema. Daga wannan aure aka sami Bawo, wanda 'ya'yansa shida tare da Biram suka zama tushen Hausa Bakwai: Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram.

Manazarta tarihi sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan riwaya. H. R. Palmer, wanda ya buga ta a 1928 cikin littafinsa Sudanese Memoirs, ya karkata ga danganta Bayajidda da Abu Yazid, ɗan tawayen Arewacin Afirka da ya mutu a 947. Abdullahi Smith kuwa, a 1970, ya nuna cewa kafuwar daulolin Hausa doguwar tafiya ce ta noma da kasuwanci da bunƙasar birane, wadda zuwan mutum guda ba zai iya bayyana ta ba. Ko an ɗauki labarin tarihi ko an ɗauke shi hikaya, yana nuna mana irin jarumin da al'ummar ta zaɓa ta riƙa tunawa da shi, kuma wannan shi ne abin da ya shafe mu a nan.

Abin lura na farko shi ne gajartar faɗan. A duk riwayoyin da na ji, artabun Bayajidda da maciji bai wuce jimla biyu ba. Babu zagaye na biyu, babu abokin gaba da ya tsere domin ya dawo a mako mai zuwa. Nauyin labarin yana kan abin da ya gabaci saran da abin da ya biyo bayansa, wato garin da ke jiran Juma'a kafin ya sha ruwa, da garin da ya wayi gari guga na shiga rijiya kullum. Abu na biyu shi ne shaida. Jarumin ya yi aikinsa a ɓoye, kamar yadda jaruman zane suke yi da rufaffiyar fuska, amma al'umma ba ta gamsu da fatar baki ba, sai da aka gwada kai da gangar jiki. Na uku, bai hau dokinsa ya ɓace ba. Ya zauna, ya yi aure, ya shiga ƙarƙashin dokar garin, ya bar zuriya. Har yau rijiyar tana nan cikin Daura, an gina mata ɗaki, baƙi na zuwa su sha ruwanta, kuma kowace shekara bikin Sallar Gani, a watan Mauludi, yakan tara hakimai da dawakai a ƙofar fadar da ke danganta kanta da wannan asali.

Ita kanta sarautar ta ɗanɗana hijira da komowa. A 1805 masu jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku suka karɓi Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fice, zuriyarsa ta kafa mazauni a Zango da Baure, har zuwa 1906 da Turawa suka mayar da Malam Musa kan gadon kakanninsa. M. G. Smith ya bi diddigin wannan a littafinsa The Affairs of Daura, wanda ya fito a 1978. Gidan da ya yi shekara ɗari a wajen ganuwa yana riƙe labarin asalinsa ne a matsayin hujjar cancanta, ya fi ƙarfin abin hirar dare. Shi ya sa a Daura zancen jarumi zance ne mai nauyi.

Jarumi kafin zuwan mujalla

Ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam ba baƙon abu ba ne a tunanin Bahaushe. Ɗan tauri da wuƙa ke lanƙwashewa a cikinsa, da mafarauci mai layar zana, da ɗan dambe mai sagau, duk suna da masoya da makaɗa da masu yi musu kirari. Wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya san 'yan kallo ba gumaka ba ne. Suna sowa, suna tsaki, suna gardamar wa ya fi wani har bayan an tashi. Sunan Shago ya kai inda ƙafarsa ba ta kai ba saboda waƙoƙin Ɗan Anace da bakunan masoya.

Da boko ya zo, jarumi ya shiga takarda. Gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a 1933 ta haifar da littattafai biyar, cikinsu har da Ganɗoki na Bello Kagara, labarin sadaukin da ya yaƙi Turawa, sannan ya faɗa duniyar aljanu yana ta bajinta. A 1951 Ahmadu Ingawa, ɗan lardin Katsina, ya fito da Iliya Ɗan Mai Ƙarfi, yaron da ya tashi ba ya iya tafiya, aka ba shi ƙarfin da ya wuce na mutane, ya ƙarar da shi wajen kare raunana da yi wa sarkinsa hidima. Tushen wannan labari yana komawa ga Ilya Muromets, sadaukin hikayoyin Rasha, amma 'yan makaranta sun yi shekaru suna karanta shi a matsayin ɗan gida, domin marubucin ya sanya masa rigar gida da tsoron Allah. Wannan ya nuna Bahaushe bai ƙi jarumin aro ba, muddin ya san wa yake yi wa aiki.

Ɗan leƙen asiri shi ne ya zo da matsala. A yaƙin gargajiya akwai magewayi, mai zuwa ya gano inda abokan gaba suka yi sansani, amma kirari na barde ne da ya fito fili. A zamanin zuwan Turawa aikin ya ƙara muni a idon jama'a, domin mutane irin su Adamu Jakada, da suka riƙa kai wa Turawa rahoton halin da Kano ke ciki kafin a ci ta a 1903, sun bar wa sana'ar tabo. A harshen yau da kullum, mai leƙen asirin mutane ɗan'uwan magulmaci ne. Kafin irin wannan mutum ya zama abin so, sai da sinima ta wanke shi. James Bond, wanda Ian Fleming ya ƙirƙira a 1953, ya shiga fim a 1962, ya koya wa 'yan kallon duniya cewa ɗan leƙen asiri yana iya zama ɗan gayu mai ceton ƙasa. Abin da ya rage shi ne a samo masa fuska irin tamu.

Spear: jarumin birnin da ba shi da suna

A 1968 kamfanin mujallar Drum, mallakar Jim Bailey, ya fara fitar da African Film mako-mako. Maimakon zanen hannu, hotuna ne na mutane na gaske aka jera kamar fim, aka rubuta maganganunsu cikin 'yan da'irori a saman kawunansu. Tauraron, Lance Spearman, wanda aka fi sani da Spear, ɗan bincike ne mai malafa da kwat da ɗan gemu, gwanin naushi da harbi, mai sigari a baki da tsadaddiyar mota. Yana da mataimaka: Sonia, mace mai iya faɗa, da wani yaro Lemmy mai harbi da danƙo, da Kyaftin Victor na 'yan sanda. Babban abokin gabansa shi ne Rabon Zollo mai rufaffen ido ɗaya. Mutumin da ya fito a matsayin Spear, Jore Mkwanazi, ɗan aikin gida ne a Durban, mai kaɗa piyano a gidan rawa, kafin a gano shi.

Alƙaluman da aka ruwaito a lokacin sun nuna ana sayar da kwafi kimanin 100,000 a Afirka ta Yamma, 45,000 a Afirka ta Gabas, 20,000 a Afirka ta Kudu, ga shi kuma kwafi guda yakan bi hannuwa da yawa. Matthias Krings, masanin Jamus da ya yi bincike a Kano, ya keɓe wa Spear babi guda a littafinsa African Appropriations na 2015, inda ya kira shi James Bond na Afirka. A ganinsa waɗannan mujallu sun tsaya a madadin fim, a lokacin da shirya fim ɗin faɗa ya fi ƙarfin aljihun 'yan Afirka, sun kuma share fage ga finafinan bidiyo da suka biyo baya.

Wani kawuna da ya yi makarantar kwana a farkon shekarun 1970 ya sha ba mu labarin yadda kwafi guda kan zagaya ɗakin kwana har bangonsa ya cire, da yadda ɗaliban da suka dawo hutu Daura kan zauna a dakali suna nuna wa ƙannensu hotuna, suna fassara musu Turancin. A cewarsa faɗan ne ya fara kama su, kowa na kwaikwayon naushin Spear da yadda yake karkata malafa. Amma hirar takan fi tsawo a kan wasu abubuwa: don me mai taimakon jama'a yake kurɓar barasa, ina iyayensa, kuma shi ɗan wane gari ne?

Wannan tambaya ta ƙarshe ta taɓa ainihin sirrin mujallar. Birnin Spear ba shi da suna, kuma da gangan aka yi haka, domin ɗan Legas ya ɗauka Legas ce, ɗan Nairobi ya ɗauka Nairobi ce. A haƙiƙa, a kudancin Afirka ake rubuta labaran da ɗaukar hotunan, a tsara shafukan a Landan, sannan a buga wa kowane yanki nasa. Da yawa daga masu karatu ba su san haka ba. Mujallar ta kauce wa siyasa gaba ɗaya. Spear ya tarwatsa gungun 'yan fashi da mahaukatan masana kimiyya masu son mallakar duniya, amma babban macijin da ya tare rijiyar ƙasar da aka ƙirƙire shi, wato mulkin wariyar launin fata, bai taɓa kusantar raminsa ba.

Duk da haka zalunci ne a ce bai shayar da kowa ba. Yaron da ya saba ganin baƙar fata a fim yana ɗauke da kayan Bature a kai, ko yana gudu daga Tarzan, ya ga wani mai kama da shi yana tuƙa mota, yana amsa wayar tarho, manyan 'yan sanda na neman shawararsa. A shekarun da Nijeriya ke cikin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, da waɗanda suka biyo baya na ɗinke ɓaraka, wannan hoto na ɗan Afirka da ya mallaki zamani ruwa ne mai sanyi. Shi ne dalilin da ya sa, ko da yake mujallar ta daina fitowa a 1972, dattawa na tuna sunansa har yau, alhali da wuya a sami wanda zai iya maimaita labarin faɗa guda daga cikin ɗaruruwan da ya yi.

Gwarzon da ke tsoron sarar maciji

Shekaru uku bayan haka, a tsakiyar zamanin arzikin man fetur, aka gwada zanen hannu. Daga 1975 zuwa 1977 an riƙa sayar da mujallar Powerman a Nijeriya, labarin wani baƙar fata mai ƙarfin gaske da ke tashi sama, samfurin Superman da Amurkawa suka ƙirƙira a 1938. A Ingila ake rubuta shi, kuma matasa biyu, Dave Gibbons da Brian Bolland, su ne ke zana shi. Dukansu sun yi suna daga baya, musamman Gibbons da ya zana Watchmen a tsakiyar shekarun 1980. Gibbons ya ba da labarin cewa an umarce su su sanya wa kowane hoto lamba, wai don kada masu karatu su rikice da wanda ke bin wani, kuma da ya tambayi dalilin da ya sa ba a ba 'yan Afirka aikin ba, sai aka ce masa za su fito daga baya idan kasuwa ta kafu. Mutanen da suka yi shekara huɗu suna bin Spear ba tare da jagora ba, su ne aka ɗauka ba su iya bin hoto daga hagu zuwa dama ba.

Akwai wani abu game da Powerman da ba zai wuce ɗan Daura bai yi murmushi ba. Kowane gwarzon zane yana da lagonsa, kuma lagon Powerman shi ne sarar maciji. A garin da ake auna namiji da abin da ya yi wa maciji, an kawo gwarzon da maciji ne kaɗai ke iya kayar da shi. Ban ce masu ƙirƙirarsa sun yi haka da niyya ba, amma wannan ya isa misalin abin da kan faru idan aka ɗinka wa mutum riga ba a auna shi ba.

A daidai wannan lokaci, Afirka ta Kudu ta ba da misali mafi tsanani. An fito da Mighty Man, gwarzo baƙar fata mai yaƙar ɓarayi da 'yan ƙwaya a unguwannin baƙaƙe, yana wa'azin bin doka, ba ya taɓa tambayar wa ya kafa dokar. Bayan boren Soweto na 1976 mujallar ta rasa kasuwa ta mutu, daga baya kuma asiri ya tonu cewa ma'aikatar watsa labaran gwamnatin wariya ce ke zuba mata kuɗi a ɓoye. Faɗa dai akwai shi a kowane shafi. Masu karatu sun nemi ganin kan maciji, suka tarar jarumin bawan macijin ne.

Tsakanin masu sowa da masu ƙonawa

Ƙishirwar irin waɗannan labarai ba ta mutu da mujallun ba, hanya kawai ta sake. John Hare, Baturen da ya yi aikin mulki a Arewa, ya rubuta jerin littattafan Sauna da sunan aro Ɗan Fulani, har ya mai da Sauna ɗan leƙen asiri a ɗaya daga cikinsu. A 1982 Bature Gagare na Katsina ya fito da Ƙarshen Alewa Ƙasa, mai cike da bindigogi da zubar da jini. Gidajen sinima suka cika da finafinan Indiya da na 'yan China, har kalmomin akta da bos suka zauna a bakin yara. Daga baya littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini suka sami dubban masoya, ana karɓar hayarsu a shaguna ana jiran littafi na biyu da na uku.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya gamu da masu tsoron illarsa ga tarbiyya, kuma wannan ma ba a kanmu aka fara ba. A Amurka, littafin da likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya fitar a 1954 ya zargi mujallun zane da lalata yara, har masu buga su suka kafa wa kansu hukumar tacewa a shekarar. A Kano an kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i a 2001, a 2007 kuma aka ƙona wasu littattafan Hausa a bainar jama'a. Muhawarar da Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu suka yi a jaridu a ƙarshen shekarun 1990, kan adabin kasuwar Kano, ta fi wannan amfani, domin ta ɗauki abin da talaka ke karantawa da muhimmancin da ya isa a yi gardama a kansa. Wuta tana cinye takarda ne kawai, ba ta koya wa yaro bambance jarumin ƙwarai da na bogi ba.

Yau zanen ya dawo hannun 'yan ƙasa. Jide Martin ya kafa Comic Republic a Legas a 2013, da gwarzonsa Guardian Prime. Roye Okupe ya fito da Malika, sarauniyar yaƙi ta wata ƙagaggiyar daula mai suna Azzaz, wadda ya samo haskenta daga Amina ta Zazzau. Da fim ɗin Amina na Izu Ojukwu ya fito a Netflix a 2021, ƙorafin 'yan kallo da yawa a Arewa ya tafi ne kan harshe da sutura da yadda aka juya tarihin Zazzau. Dawakai da takubba sun wadata a fim ɗin, amma mutane sun koma ga tsohuwar tambayar kawuna da abokansa: wannan jarumar 'yar wane gari ce?

Kammalawa

Daga Spear zuwa Amina, fiye da shekara hamsin ke nan, masu karatu da 'yan kallo suna nuna hali iri ɗaya. Sukan yi tururuwa domin faɗa, sannan idan ƙura ta lafa su zauna su yi hisabi. Wanda ya ba su wani abu da suke ƙishirwarsa, kamar yadda Spear ya ba su ganin kansu cikin mutunci, sukan riƙe sunansa duk da aibobinsa. Wanda ya zo da naushi kawai sukan manta da shi, wanda kuwa ya zo da yaudara sukan kore shi.

Wannan magana tana da amfani a aikace, domin ba da daɗewa ba wani zai zana labarin Bayajidda a mujalla mai fitowa bi da bi, ko ya mai da shi katun, ko da hannunmu ko babu. Idan aka bar wa kasuwa ita kaɗai, za a mai da macijin dodo mai aman wuta, a ja faɗan har fitowa goma, a bar Ayana da Daurama a gefen shafi. Alhali kuwa Ayana ce ta ba baƙon bayanin da ya yi aiki da shi, wanda ke nuna cewa ilimin halin gari yana wurin tsohuwar da ba a kula da ita ba. Daurama kuma ita ce mai mulki, magajiyar jerin sarauniyoyin da riwayar gida ta faro daga Kufuru, kuma ita ce ta nemi shaida kafin ta ba da lada. Har yau sarautar Magajiya tana nan a fadar Daura. Wanda ya cire waɗannan mata biyu ya cire rabin ma'anar labarin.

Saboda haka nake kira ga matasan masarautar nan masu baiwar zane da rubutu, daga Daura zuwa Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa, su ɗauki alƙalami kafin a ɗauka a madadinsu. Macizan da ke tare rijiyoyinmu a yau ba ɓoyayyu ba ne: akwai mai karkatar da kuɗin famfon ƙauye, akwai mai safarar ƙwaya ta kan iyaka, akwai ɗan rahoton da ke sayar da maƙwabcinsa ga 'yan bindiga. Jarumin da zai tunkari waɗannan yana buƙatar wayon ɗan leƙen asiri da zuciyar barde, kuma labarinsa ba zai rasa faɗa ba. Sai dai mai zana shi ya sani cewa masu karatunsa jikokin mutanen da suka taru a bakin Kusugu ne, kuma idan ya gama nuna musu saran, za su tambaye shi kan macijin, su kuma leƙa rijiyar su ga ko guga na shiga.